Karatun Tsohuwa da Gudumata

Talata, da hantsi

Na buɗe shago, na zauna, ban taɓa komai ba. Tsohuwa, matata, tana asibiti tun makon jiya. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama ta mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ido kawai take bin mutum da shi. Shekara da shekaru ina ce mata ta rage surutu, to ga shi ta rage.

A bayan kwalin da nake yanka awon takalmi nake wannan rubutu. Ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Baƙaƙen da na sani na tsince su ne don in riƙa sa sunan mai takalmi da alli a ƙasan takalminsa. Da wa zan yi magana? Mai Faci da ke gefena bakinsa yoyo yake yi, kamar tayoyin da yake liƙewa.

Laraba, bayan azahar

Likita ya sake tambaya ta wai tsawon wane lokaci ta yi a kwance a ƙasa kafin a gan ta. Na ce masa ni takalmi nake gyarawa, ba agogo ba. Auta, 'yar ƙaramarmu da ke aure a bayan layinmu, ta dube ni, sai ta mayar da kanta ƙasa.

Alhamis, da safe

Mai jan takalmi ya zo karɓa. Na ce ban gama ba.

Asabar, da la'asar

Babban yaronmu ya iso daga can inda yake aiki, tafiyar yini guda a mota. Ya durƙusa ya gaishe ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma da likita ya shigo sai suka juya harshe, suna ta Turanci a kan kaina kamar ni kujera ce. Matata ce a kwance. Da gudumar nan na kai shi inda ya koyo Turancin da yake rufe ni da shi.

Da suka gama ya fassara mini abin da ya ga dama. Wai tana bukatar masu gasa jiki da masu koya wa mutum magana, wai a kusa da gidansa akwai su, a nan babu. Yana so ya tafi da ita. Ya ce ni ma in biyo su, akwai ɗaki.

Na san ɗakin. Na taɓa kwana a cikinsa. Matarsa ta ware mini kofina daban, jikokina suna leƙo ni suna dariya, ko "sannu" ba su iya ba. Na ce masa matata ba za ta bar gidana ba, ni kuma ba zan bar shagona ba.

Lahadi, da hantsi

Jikokin nan su ne mafarin komai. Da suka zo bara, Tsohuwa ta yi ta yi musu magana, suna amsa mata da Turanci, ita kuma tana ta murmushi tana gyaɗa kai kamar ta gane. Da suka tafi ta wuni ba ta ci abinci ba. Sati bai zagayo ba sai ga ta da littafi da fensir, wai ta shiga ajin manya da wata Malama take yi wa tsofaffin mata a makarantar unguwa bayan an tashi yara.

Na ce mata da furfurarki? Ta ce furfurar ba a kunne take ba. Na ce su ya kamata su koyi naki, ba ke ki koyi nasu ba. Ta ce to je ka faɗa musu, da wane bakin?

Shagona a jikin gida yake. Bango ɗaya ne tsakanina da ɗakinta, da 'yar taga a sama. Tun daga lokacin kullum ina aiki ina jin ƙunƙuni ta tagar nan: wi ar, yu ar, dey ar. Safe da yamma. Wi ar, yu ar, dey ar. Na sha ɗaga murya in ce a bar mu mu ji da abin da ya dame mu.

Ranar da ta faɗi ma, ina aikin jan takalmin nan, na ji ta. Daga baya na daina ji. Na ce alhamdu lillahi, yau an huta.

Litinin, da yamma

An sallame ta. Mun yi da yaron, murya ta ɗan tashi, Auta tana ta cewa a bari mana a gaban mara lafiya. A ƙarshe ya ce zai koma bakin aiki, zai dawo ƙarshen wata da mota. Idan ya tarar bakinta ya fara buɗewa, zai bar ta a nan ya riƙa turo mai duba ta. Idan ya tarar da ita yadda ya bar ta, zai ɗauke ta, ko ina so ko ba na so.

Ko ina so ko ba na so. Ni ya faɗa wa haka.

Laraba, bayan azahar

Auta ce ke juya ta, ke wanke ta, ke ba ta abinci da cokali. Ni aikina in zauna a bakin gado. Na yi mata hira, na ba ta labarin rigimar Mai Faci da wani mai babur, na tsokane ta da zancen miyar da ta ƙona muna amare. Ido kawai. Auta ta gwada mata addu'o'i, leɓe yana motsi, sauti ba ya fita. Ta gwada waƙar da take yi musu suna yara. Hawaye ne ya fito.

Alhamis, da safe

Mai jan takalmi ya dawo. Na ce masa gam bai bushe ba. Ya leƙa kantar shago ya ce ai ga shi can har an goge. Na ce ni na san aikina ko kai?

Juma'a, da la'asar

Zaman banza ya ishe ni, na ɗauko wani takalmin makaranta da dunduniyarsa ta ɓalle. Na kifa shi a kan ƙafar ƙarfen da nake aiki a kanta, na zuba ƙusoshi a baki kamar kullum, na fara. Ban yi nisa ba sai ga Auta ta faɗo shago ko mayafi babu. Na ajiye guduma.

Ta ce, "Baba, kar ka tsaya. Don Allah ci gaba da bugawa."

Na ci gaba. Sai na ji ta tagar. Murya ce kamar ta wanda ya tashi daga barci, a daƙile, amma tata ce. Wi ar. Yu ar. Dey ar.

Da na tsaya ta tsaya. Da na ci gaba ta ci gaba.

Na gama takalmin, na kama wani. Na gama, na kama wani. Mai Faci ya leƙo zai yi shaƙiyancinsa, ya ga fuskata, ya koma.

Asabar, da hantsi

Jiya na yi murna, yau haushi nake ji. Duk abin da matar nan ta sani a duniya, sunan 'ya'yanta, sunan uwarta, sunan da take kira na da shi idan babu kowa, duk sun tafi, sai wannan ne ya zauna? Abin da na fi tsana?

Auta ta ce ashe duk watannin nan da bugun gudumata Inna take bitar karatunta. Ta ce ta sha ganinta tana tsintar shinkafa tana bin bugun da kai. Ni ban sani ba. Wa ya faɗa mini? A gidan nan ni ne na ƙarshen jin komai.

Litinin, da yamma

Na je wurin Malama. Ban gaya wa kowa ba. Na tsaya a bakin aji har tsofaffin matan suka fito, wata a cikinsu tana cewa lallai yau za a yi ruwa, mai hana karatu ya zo makaranta. Ashe har nan Tsohuwa ta kawo ƙarata.

Malama yarinya ce, ba ta kai Auta ba, amma tana da ladabi. Ta ba ni benci, gwiwata har ƙirji. Na ce ban zo karatu ba, na zo ne ta faɗa mini abin da matata take faɗa, da abin da ke biye da shi, don in ƙara mata.

Ta ce darasin da suka tsaya a kai ke nan. A Turanci idan mutum ɗaya ake magana a kansa, shi ko ita, kalmar da ke biye masa daban ce, is ake cewa. Idan mutane suna da yawa, mu ko ku ko su, sai a ce ar. Wi shi ne mu, yu shi ne ku, dey shi ne su. Na ce mu da muke da muna da kuna da suna, kowa da rigarsa, su kuma riga ɗaya mutum uku suke sawa? Rowa ke nan. Ta yi dariya. Ta ce Tsohuwa ta daɗe tana cewa dey is, 'yan aji suna yi mata dariya, ita ma tana taya su, har ta rantse sai ta gyara kafin jikokinta su dawo. Ta gyara kuwa. Ta ce a ajin babu wadda ta kai ta naci.

Naci kam, ni za a gaya wa?

Ta koya mini na gaba: wi ar itin, muna cin abinci. Dey ar komin, suna zuwa. Ta sa na maimaita har harshena ya yi nauyi. Na fito ina duba ko wani ya gan ni.

Laraba, da hantsi

Na yi wa Tsohuwa sabon darasin ta taga kafin in fara aiki, sannan na kama bugu. Ta bi har dey ar komin. Auta ta ce da ta faɗa sai ta juya ido wajen ƙofa.

Alhamis, da safe

Mai jan takalmi. Na ga tahowarsa na shige gida.

Asabar, bayan azahar

Takalman shago sun ƙare. Na bi maƙwabta ina tambaya ko akwai mai dunduniyar da ta ci. Na gyara na Mai Faci, na matarsa, na surukarsa. Ya ce shekara talatin yana roƙo na in duba masa takalmi ina cewa layi ne, yau ga ni har gida. Na ce masa ya rufe mini baki.

Tsohuwa ta ƙara kalma biyu. Jiya kuma da Auta ta kawo ruwa ta yi wani sauti da ba na darasi ba. Auta ta rantse "a'a" ta ce. Idan "a'a" ce to lallai Tsohuwa tana dawowa.

Bari yaron ya zo. Zai ji da kunnensa.

Talata, da yamma

Ya bugo wa Auta waya. Jibi suna tafe, har da matarsa.

Na sa an wanke mini babbar rigata. Na share shago, na goge ƙafar ƙarfen da mai har tana ƙyalli. Ba za su zo su same ni a tsugune da tsumma a cinya da ƙusa a baki kamar ɗan ƙwadago ba. Matar nan ta taɓa ganina haka, na ga yadda ta yi da hancinta.

Alhamis, da magariba

Sun tafi da ita.

Juma'a, da hantsi

Ban buɗe ba.

Asabar, da la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zai bar ni in ci abinci.

Sun iso da azahar. Bayan an gaisa na ce kowa ya shigo ɗaki. Na ɗauko ƙafar ƙarfen na ajiye a gaban gado, na zauna a kujera da babbar rigata. Auta ta ce Baba, ba za ka koma shago ka yi yadda ka saba ba? Na ce a nan zan yi, a gaban idonsu, kar a ce an haɗa baki. Ta ce to ina takalmin? Na ce ba takalmi aka zo ji ba.

Na buga ƙarfen. Ƙara ta cika ɗakin. Tsohuwa ta runtse ido.

Na sassauta. Na ƙara sauri. Na ce mata wi ar, da bakina, a gaban ɗana da matarsa, ni. Na ce yu ar. Leɓenta ya yi rawa, ta buɗe baki, sai bugu na gaba ya riske ta kafin ta fitar, ta rufe. Ta sake buɗewa, ta sake rufewa. Tana duba na kamar mai neman in taimake ta, ni kuma ina ta bugu. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Kullum sai a tambaye ni tsawon lokaci.

Yaron ne ya riƙe mini hannu. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Idonsa ya yi ja, ya ce, "Baba, ya isa. Ta gaji."

Auta tana kuka tana rantsuwa cewa wallahi tana yi, kullum tana yi. Ya ce ya yarda, bai ce ƙarya ba ne. Amma ya ga ƙafar ta fara ƙanƙancewa, bayanta ya fara ciwo saboda kwanciya. Matarsa ce ta naɗe kayan. Ta ɗauki littafin da fensirin ta sa a jaka ba tare da an ce mata ba, wannan na gani.

Da za su sa ta a mota ta kama bakin rigata da hannun hagu. Sai da aka ɓamɓare yatsun.

Ya sake cewa akwai ɗaki. Na ce a sauka lafiya.

Litinin, da safe

Na dafa shayi na zuba kofi biyu.

Laraba, bayan azahar

Auta ta kawo abinci ta zauna a bencin shago. Wata mata ta kawo takalmi, na kama don kar in zauna ina kallon tagar. Ina cikin yi na ga Auta ta ƙura mini ido.

Ta ce in sake yi a hankali. Na ce me? Ta ce yadda nake yi. To yaya nake yi? Ɗan bugu kaɗan don ƙusa ta zauna, bugu mai ƙarfi don ta shige, sannan in kai hannu baki in zaro wata in saita ta. Haka nake yi tun kafin a haifi uwar wasu.

Ta ce, "Baba, a nan take numfashi. Lokacin da kake ɗauko ƙusar."

Na ajiye guduma.

Ta ce ranar babu ƙusa, babu takalmi, ban bar mata wurin da za ta ja iska ba. Ta faɗa a hankali, ba da zargi ba. Na ce mata ta tashi ta tafi gidan mijinta, rana ta yi.

Alhamis, da safe

Mai jan takalmi ya zo da faɗa. Na ɗauko na miƙa masa. Ya juya shi ya ce kai, wannan aiki ya yi kyau, ka ɗauki lokaci a kansa. Na ce e, na ɗauka. Ya zaro abin biya na ce ya tafi kawai.

Asabar, da yamma

Yaron ya bugo. Wai masu gasa jikin suna ƙoƙari, yatsun ƙafa sun fara motsi. Magana dai babu. Ya ce ya sayo guduma yana buga mata katako, yaran suna karanta mata darasin, ko leɓe ba ta motsawa. Abinci ma sai an yi da gaske.

Auta ta ce mu gwada ta waya. Ta riƙe wayar kusa da ƙafar ƙarfen, na yi aiki na gaske, da ƙusa da komai. Can ya ce bugun yana zuwa a yanke, wani ya makara wani ya ɓace. Ya ce ta juya kai tana neman bango.

Na ce wayarsu ce ba ta da kyau.

Litinin, da hantsi

Mai Faci ya shigo da buhu a kafaɗa ya jefar a gabana. Tsofaffin takalma ne, na maza da na mata da na yara, wasu ma ba su da 'yan'uwa. Ya ce ya bi layi uku yana tarawa. Na ce me zan yi da shara? Ya ce a can unguwar masu kuɗin ba a gyara takalmi, yarwa ake yi, idan na je hannu biyu me zan buga? Na ce wa ya ce maka zan je? Ya ce babu wanda ya ce, shi dai buhun ya yi masa nauyi, ba zai mayar ba.

Ya tsaya a ƙofa ya ce zai riƙa zuba wa kwaɗon shagon mai.

Laraba, da safe

Ba don yaron ba. Ba don matarsa ba. A rubuta wannan.

Na ba Auta mabuɗi. Direba ya ɗaga jakar da ƙafar ƙarfen take ciki ya ce Baba, dutse ka ɗauko? Na ce tuƙi aka ce ka yi.

Juma'a, da hantsi

Ta rame. An yanke mata farce, an yi mata kitso mai kyau, ɗakin yana ƙanshi. Ba zan ce ba a kula da ita ba. Da ta gan ni ba ta yi komai ba, hannuna ta duba.

Kofina yana nan inda na bar shi, daban.

Lahadi, da la'asar

Matar yaron ta shimfiɗa mini tsohon bargo a barandar da ke bayan tagar ɗakin, wai kar ƙarfen ya fasa tayil. Na cire riga, na ɗora tsumma a cinya, na zuba ƙusoshi a baki. Jikokin sun tsaya daga nesa suna kallo. Su kalla.

Takalmi na farko shiru. Na biyu shiru. A na uku na ji ta. Muryar ta ƙara yin ƙasa, sai na kasa kunne sosai. Wi ar. Yu ar. Sabbin da na koya mata sun tafi. Na ji ƙaramar jikar ta ruga ciki tana kiran ubanta.

Talata, bayan azahar

Likitan nan ma ya yi Turancinsa a kaina. Wannan karon ban nemi fassara ba. Na ga fuskar yaron.

Alhamis, da hantsi

Buhun ya kusa ƙarewa. Da yamma nakan zauna in zare ƙusoshin da na buga da safe, in miƙe waɗanda suka lanƙwashe, gobe in sake mayar da su. Wani takalmin dunduniyarsa duk ta zama rami.

Yanzu ba kullum take kaiwa dey ba. Wi ar, yu ar, sai ta huta. Na sassauta hannu, ina daɗewa wajen zaro ƙusar, ita ma tana jira na.

Akwai maganar da nake so in yi mata, tun ranar jan takalmin. Na gwada a bakin gado, ido kawai, ban ma san ko tana ji ba. Sai ina bugu nake tabbatar tana nan. Ɗazu tana cikin yi na tofar da ƙusoshin a hannu, na ɗaga kai wajen tagar na kira ta da sunan da babu wanda ya sani.

Ta yi shiru.

Na mayar da ƙusoshin baki.